Akushi da Ƙalbi: Mas'alar Cimar Mai Doguwar Damuwa

Akwai damuwar da takan sauko wa mutum da hantsi ta tashi kafin la'asar, irin ta wanda akuyarsa ta ɓata ko wanda aka yaɓa wa baƙar magana a kasuwa, kuma barcin dare ɗaya ya isa ya wanke ta. Akwai kuma wadda takan share wuri a ƙirji ta zauna wata da watanni, har shekara da shekaru: ta matar da mijinta ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ita ce juya shi, ita ce wankinsa, ita ce neman na magani, ta magidancin da bashi ya yi wa katutu, in an yi sallama a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi, ta wanda tashin hankali ya raba da garinsu da gonarsa, yana zaman jiran abin da bai san ranar zuwansa ba. Idan muka je gai da irin waɗannan bayin Allah, abin da ke bakinmu sananne ne, a yi haƙuri, a dage da addu'a, bayan wuya sai daɗi, kuma duk gaskiya ne, ba ni da ja a kan ko ɗaya daga ciki. Amma da wuya ka ji wanda ya tambaye su abin da suka sa a baki tun wayewar gari, kai ka ce tambayar ta yi ƙanƙanta da a yi ta a gaban babbar musiba, ko kuwa yin ta alama ce ta raunin tawakkali. Mas'alar da nake so in duba ke nan: shin akushi yana da rabo a cikin natsuwar ƙalbi, in kuwa yana da shi, ina iyakarsa, kuma a wuyan wa nauyin ya rataya?

Magabata dai ba su raina wannan tambaya ba. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934 ta Miladiyya, almajirin masanin nan al-Kindi, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, ya kasa shi gida biyu, ɗaya a kan gyaran jiki, ci da sha da barci da iska, ɗaya a kan gyaran rai, fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya kuma ga laifin likitocin zamaninsa da suka tare a kan jiki suka bar rai, alhali kuwa biyun a cuɗe suke, in ɗaya ya kamu ɗayan ba ya tsira. Har ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yakan lulluɓe mutum ba da wani dalili bayyananne ba, wanda ya jingina asalinsa ga jiki, ya ce a nema masa magani ta nan. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya bar littafi a kan maslahohin ɗan Adam waɗanda suka rataya da addini da kuma jiki, bai ga wani aibi ba ga haɗa biyun cikin bango ɗaya.

Cewa damuwar ƙalbi tana gangarowa ciki, wannan ba ya bukatar doguwar hujja, amma akwai shaida guda da ta cancanci a tsaya a kanta saboda girman mai ba da ita. Imamu Gazali, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗaruruwan ɗalibai na zama a gabansa, ya shiga wani irin ja-in-ja da ransa a watan Rajab na shekara ta 488, tsakanin riƙe matsayi da barinsa domin lahira, aka yi wajen wata shida ana wannan. Ya kuma ba da labari da kansa a cikin littafinsa al-Munƙizu cewa harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, sa'an nan abin ya kai ga cikinsa ya daina narkar da abinci, ko romo ba ya wuce masa, har likitoci suka sallama suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba kuwa zai tafi ba sai abin da ke damunta ya tafi. Bayan ƙarni takwas da ɗoriya, a shekara ta 1936, wani likita mai suna Hans Selye a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada ya bayyana cewa ɓerayen da ya gana wa wahala iri-iri, sanyi ko gajiya ko guba, duk sukan ƙare da alamu iri ɗaya, cikinsu har da gyambon ciki da kumburin wasu 'yan ƙulluttai biyu da ke zaune a bisa ƙoda. Waɗannan ƙulluttai su ne ke zubo wa jini sinadarin da ake kira kotizol, wanda hikimarsa ita ce ya tara wa mutum sukari a jini ya shirya shi don gudu ko faɗa sa'ad da haɗari ya taso. Rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura, amma ga wanda kurarsa bashi ce ko jinya, wadda ba ta kama shi ba ta kuma tafi, sai sinadarin ya yi ta kwarara ba hutawa, barci ya lalace, jini ya hau, sha'awar abinci ta rikice, wani ya kasa ci sam, wani kuwa ransa ya riƙa biya masa zaƙi da maiƙo. A 1995 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun yi wa mata 13 masu jinyar 'yan'uwansu da gigin tsufa ya kama ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka yi wa wasu 13 da ba sa jinyar kowa irinsa, sai na masu jinya ya ɗauki kimanin kwana 49 kafin ya warke, na sauran kuwa kwana 39.

Inda gardama take shi ne ta ɗaya fuskar, wato ko abin da ya shiga ciki yana hawa zuwa ƙalbi. A nan ina ganin fiƙihu ya riga likitanci magana. Ya tabbata a Buhari da Muslimu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, fukaha'u kuma da suka nemi illar hanin suka same ta a cikin dagulewar tunani, sai suka yi ƙiyasi suka shigar da matsananciyar yunwa da ƙishirwa a ƙarƙashinsa. Ma'ana, shari'a ba ta amince wa hankalin malami masani ba matuƙar cikinsa na kuka. Haka nan an yi umarni da a fara da abincin dare idan an ajiye shi aka kuma ta da salla, har an ruwaito Abdullahi ɗan Umar yakan ci gaba da cin abincinsa yana jin karatun liman, domin hushu'i ba ya samuwa ga wanda ransa ke kan akushi. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne ƙissar Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare ta, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ga zafin haihuwa ga fargabar abin da mutanenta za su ce, har ta yi burin mutuwa. Abin da aka fara nuna mata a wannan hali shi ne ruwa mai gudana da nunannen dabino, aka umarce ta da ci da sha, daga baya aka koya mata yadda za ta fuskanci jama'a. Wanda ya halicci rai ya fi kowa sanin ƙofar da ake bi a lallashe shi.

Turawa sun iso ga wannan ta hanya mai tsada. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minesota ya tara samari 36 lafiyayyu, waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami suka ba da kansu don a gane yadda za a farfaɗo da mayunwatan Turai, ya rage musu abinci zuwa kimanin rabi har mako 24, dankali da burodi da taliya da 'yan saiwoyi, har kowannensu ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ramar jiki kowa ya zace ta; abin da ya girgiza masu binciken shi ne abin da ya sami halayensu, domin mutanen da aka zaɓa saboda natsuwarsu sun koma masu saurin fushi da ƙunci, suka guji hira, suka daina dariya, wasu suka koma tara littattafan girki suna karantawa dare da rana. Ba imaninsu ne ya ragu ba, don saboda imanin nasu suka shiga. Tuwonsu ne ya ragu. Kafin wannan ma, a kudancin ƙasar Amurka, akwai wata cuta da ake kira felagira, mai sa fata ta yi kirci, ciki ya ɓaci, a ƙarshe hankali ya gushe, wadda ta cika gidajen mahaukata ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, har Joseph Goldberger, wanda aka ɗora wa binciken a 1914, ya lura cewa majinyata ke kamuwa ma'aikatan da ke cuɗanya da su ba sa kamuwa, ya ƙara wa talakawan da ba su da cima sai masara madara da nama da ƙwai, cutar ta kau. Sai a 1937 aka gano ainihin sinadarin da suka rasa.

To, mai karatu wanda ya zauna gaban malamai zai ce: ina muka kai zuhudu? Ashe ba Gazalin nan ba ne ya keɓe babi a cikin littafinsa Ihya'u a kan karya sha'awa biyu, ya jera fa'idojin yunwa, cewa tana tace ƙalbi, tana karya girman kai, tana rage barci? Ashe ba a hore mu da mu kasa ciki uku ba, abinci da ruwa da numfashi? Wannan ƙalubale ne na gaskiya, ba kuwa zan kauce masa ba. Amsata ita ce yunwar da sufaye suka yaba yunwa ce ta zaɓi, wadda mai ita ya san lokacin shigarta da lokacin fitarta, yana yin ta da niyya, sau da yawa a ƙarƙashin idon shehi, kuma zuciyarsa a kwance take game da abin buɗa baki. Ita kuwa yunwar mai jinya da mai bashi ba ibada suka nufa da ita ba, shagala ce da rashi da toshewar maƙogwaro suka ɗora musu. Annabin da ya koyar da azumi shi ne ya nemi tsari daga yunwa, kamar yadda ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, shi ne kuma ya hana sahabbai saje azumi da azumi ba buɗa baki. Da Salmanu Bafarishe ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i ya tarar ya juya wa duniya baya, aka kawo abinci mai gida ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi sa hannu sai ya ci, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, da labari ya kai ga Annabi kuwa sai ya gaskata Salmanu. Gazali ma da kansa ya ƙare a kan cewa abin nufi shi ne i'itidali, mutum ya ci gwargwadon da ba zai ji nauyin ciki ba, ba kuma zai ji raɗaɗin yunwa ba, har ya manta da cikinsa ya fuskanci Ubangijinsa. Mai doguwar damuwa ya fi kowa nisa da wannan matsayi, ta gefen rashi ko ta gefen israfi.

Duk wanda ya taɓa zaga barandar asibiti da yamma ya san matar da nake nufi. Tana zaune a kan tabarma, ga filas ga kwanon sha ga buhun kaya ta yi matashi da shi. Ta dama kunu ta shiga ta ba majinyaci cokali-cokali, tana lallashi tana goge masa baki, abin da ya rage a gindin kwano, wanda ya riga ya huce ya yi ruwa, shi ne kalacinta. In ka ce, "Iya, kin ci abinci kuwa?" sai ta ce, "Na taɓa, ɗan nan, abin ne ba ya wucewa," sa'an nan ta kwance haɓar zane ta ɓallo goro. Goron nan kuwa, kamar shayi da gahawa, yana ɗauke da sinadarin kafeyin, mai danne yunwa da gyangyaɗi, wanda rabinsa yakan kai wajen sa'a biyar bai bar jini ba, saboda haka wanda ta tauna da magariba yana nan tare da ita a tsakar dare, lokacin da ta sami 'yar damar runtsawa ta kasa, ta kwana tana lissafin kuɗin allura. Gari ya waye ta tashi a gajiye, ta nemi wani goron. In ta yi wata uku a haka ta fara jiri da faɗuwar gaba da saurin kuka, mai yiwuwa ƙarancin jini ya shigo, sai dangi su ce ta cika raki, ko su ce iska ce, ita kuma ta riƙa tuhumar kanta da gazawar haƙuri. Haka ɗan'uwanta mai tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda kuɗin da zai kai wa mai keken kowace yamma ke tsaye a ransa: shayi mai sukari da burodi da asuba, lemon kwalba da rana, sa'an nan da dare ya danƙara wa cikinsa duk abin da ya samu ya kwanta a kai.

Sai dai wajibi ne in tsaya inda hujja ta tsaya, domin a zamanin nan an sami masu tallar cima da garin magani da suke yi wa mutane alkawarin abin da ba su mallaka ba. Gwajin da aka fi ambato shi ne wanda Felice Jacka da abokan aikinta na Jami'ar Deakin ta Ostireliya suka buga a 2017: mutum 67 masu fama da ciwon baƙin ciki, aka kasa su biyu har mako 12, kashi ɗaya aka koya musu cin hatsin da ba a raba da dusarsa ba, da ganye, da wake, da kifi, da man zaitun, tare da rage zaƙi da soye-soye, ɗaya kashin kuwa aka riƙa zama da su ana ɗebe musu kewa kawai, a ƙarshe kimanin 32 cikin ɗari na kashin farko suka sami sauƙi bayyananne, a na biyu kuwa 8 cikin ɗari. Sakamako ne mai ƙarfafa zuciya, amma mutanen kaɗan ne, yawancinsu kuma suna kan maganin likita ko shawararsa, ba a ce su bari ba. Masu binciken Ohayo ɗin nan kuma sun ba mata 58 abinci iri biyu, ɗaya da kitse mai daskarewa ɗaya da man tsirrai mai sauƙi, suka ga alamun kumburi a jini sun fi ƙasa bayan mai sauƙin, amma ga matan da suka kwana da ɓacin ran jiya bambancin ya ɓace, kamar dai damuwar ta cinye amfanin. Ashe ke nan cima sababi ce daga cikin sabubba, tana rage nauyi, ba ta biyan bashi, ba ta ta da majinyaci, ba ta kuma maye gurbin likita ko addu'a. Ma'aunin da ya zo a hadisin Nana A'isha shi ne daidai: takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu na garin sha'ir, bisa abin da ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya yana kuma tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Sashe aka yi alkawari, sashen kuwa ba abin rainawa ba ne ga wanda ke ɗauke da dukan kayan.

Abin da aka koya wa mutanen Ostireliya ba baƙo ba ne a tukunyarmu: gero da dawa da acca, wake da gyaɗa da riɗi, zogale da rama da kuka da daddawa, nono da busasshen kifi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma kakanninmu da suka yi noma da fura da tuwon dawa sun san haka. Amma zai zama rashin adalci, kai har rashin kunya, a tsaya a gaban wanda damuwarsa ita ce abin da zai sa a tukunya a karanta masa jerin abin da ya kamata ya ci. Ba banza ba Alƙur'ani ya gwama yunwa da tsoro, a Suratu Ƙuraishi ta fuskar ni'imar kuɓuta daga gare su, a Suratun Nahli ta fuskar azabar ɗanɗana su. Ko wanda yake da hali ma, doguwar damuwa takan ƙwace masa ainihin abin da ake bukata don gyara cima, wato natsuwar yin cefane da haƙurin tsayawa a murhu da sha'awar ci. Wanda aka ce ya ceci kansa da abinci shi ne wanda ya fi kowa kasa yin haka.

Shi ya sa nake ganin shari'a ta ɗora nauyin a inda ya dace tun farko. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso Madina daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi bai aika wa iyalinsa da wa'azin su kula da cin abinci ba. Ya umarci nasa iyalin su dafa su kai wa iyalin Ja'afaru, ya kuma ambaci illa, wato abin da ya same su ya shagaltar da su. Malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, illar nan kuwa, shagaltuwar da ke hana mutum kula da cikinsa, ba ta keɓanta da kwana ukun makoki ba. Tana nan ga mai takaba har wata huɗu da kwana goma, bayan an naɗe tabarmi baƙi sun watse. Tana nan ga mai jinyar shekara biyu. Tana nan ga wanda aka sallama daga aiki yana ɓoye wa maƙwabta. Mu kuwa a wurare da yawa mun juya al'amarin, gidan da aka yi rashi shi ke ɗora manyan tukwane ranar uku da bakwai da arba'in don ciyar da masu zuwa gaisuwa, wani lokaci da bashi, abin da malamai da dama suka daɗe suna ƙyama. Ciyayyar da magidanta kan yi a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗu, wadda takan rufa wa marar shi asiri ta kuma sa a gane wanda hannunsa ya yi sanyi a akushi, ita ma tana ja da baya a birane.

Ban ce a ƙirƙiro wata sabuwar ƙungiya ba. Gida biyar ko shida na unguwa sun isa su raba kwanakin mako a tsakaninsu saboda gida ɗaya da ke cikin jinya ko takaba, a kai abin da ake ci a gida, dambun zogale ne ko faten wake ko kunun gyaɗa mai ɗumi, a tambaya tukuna ko akwai mai ciwon sukari ko hawan jini don a san abin da za a rage. Wanda ya kai kuma kada ya ajiye kwano a bakin ƙofa ya juya, domin sau da yawa yara za a ba, ko a rufe shi har ya lalace. Ya zauna, ya karɓi majinyacin na ɗan lokaci in da hali, ya yi irin ta Salmanu, ya ƙi tashi sai mai jinyar ta ci.